Sarki Joji Na Biyar: Basaraken Da Ya Shahara Da Tara Kan Sarki

Duk wanda ya taɓa aika wasiƙa ta gidan waya a Katsina ko Kano ya san 'yar takardar nan da ake lasa a manna a goshin ambulan, wadda ake kira kan sarki. A Maraɗi da Tibiri da Gidan Rumji da Agiye da Gazawa kuwa, an fi saninta da tambur, sunan da aka aro daga Faransanci. Abu ɗaya ne, kuma mutanen ɗaya ne, amma iyakar da Turawa suka shata ta sa ya samu suna biyu. Faransa jamhuriya ce, ba ta da sarkin da za ta buga hotonsa, ita kuwa Ingila kan sarkinta take bugawa, shi ya sa Bahaushen da ke ƙarƙashinta ya kira abin da sunan abin da ya gani.

A yau shafin namu na tarihi zai waiwayi rayuwar ɗaya daga cikin masu wannan kai, wato Sarkin Ingila Joji na Biyar, wanda ya yi mulki daga 1910 zuwa 1936. Abin da ya bambanta shi da sauran sarakuna shi ne, bayan kansa da ake bugawa, shi ma ya kasance ɗaya daga cikin manyan masu tara kan sarki a duniya, kuma ya shugabanci ƙungiyarsu mafi daɗewa har tsawon shekara 14.

Haihuwarsa da tasowarsa

An haifi Joji a birnin Landan ranar 3 ga Yuni, 1865. Mahaifinsa shi ne Yarima Edwad, wanda daga baya ya zama Sarki Edwad na Bakwai, mahaifiyarsa kuwa Gimbiya Alekzandara ce 'yar sarkin Denmak. Jika ne ga Sarauniya Biktoriya. Da yake shi ne ɗa na biyu, babu wanda ya sa masa ran sarauta, domin wansa Albat Bikta ne ake shiryawa gado. Saboda haka tun yana ɗan shekara 12, a 1877, aka sa shi aikin sojan ruwa.

Daga 1879 zuwa 1882 shi da wansa sun zaga duniya a cikin wani jirgin yaƙi mai suna Bacchante, inda suka je tsibiran Karebiyan da Afirka ta Kudu da Ostareliya da Japan. Karatun Joji bai yi zurfi ba, bai kuma iya harsunan waje sosai ba, amma aikin ruwa ya koya masa abubuwan da suka bi shi har ƙarshen rayuwarsa: kiyaye lokaci, son tsari, da kula da ƙananan abubuwa da wasu ba su damu da su ba.

A watan Janairun 1892 wansa ya rasu sakamakon ciwon huhu, sai gado ya dawo kansa. Ya bar aikin jirgi, aka ba shi sarautar Duke na York. A ranar 6 ga Yuli, 1893 ya auri Gimbiya Meri, wadda tun farko wan nasa ne aka yi wa baikonta. Sun haifi 'ya'ya shida, biyu daga cikinsu sun yi sarauta bayansa, wato Edwad na Takwas da Joji na Shida, mahaifin Sarauniya Elizabet ta Biyu.

Asalin kan sarki da ƙungiyar masu tara shi

Kafin mu shiga labarin shigarsa wannan harka, ya kamata mai karatu ya san inda abin ya samo asali. A da, a Ingila, wanda aka kawo wa wasiƙa shi ke biyan kuɗin aike, kuma kuɗin na da yawa, har talakawa kan ƙi karɓar wasiƙunsu. Wani malamin makaranta mai suna Rowland Hill ne ya kawo shawarar cewa mai aikawa ya biya kwabo ɗaya tun farko, a manna wata 'yar takarda a matsayin shaidar biya. An fara amfani da ita ranar 6 ga Mayu, 1840, baƙa ce, tana ɗauke da kan Sarauniya Biktoriya. Faransa ta fitar da nata a 1849, sauran ƙasashe suka bi sahu.

Ba a daɗe ba mutane suka fara tara waɗannan takardu. Da farko ana ɗaukar abin wasan yara ne, amma a ranar 10 ga Afrilu, 1869 wasu manyan mutane suka taru a Landan suka kafa ƙungiyar nazarin kan sarki, suka zaɓi Sir Daniel Cooper shugabanta na farko. Wannan ƙungiya tana nan har yau, kuma ita ce mafi tsufa a irinta a duniya. Aikinta ya wuce tarawa kawai. Membobinta kan binciki irin takardar da aka yi bugu a kanta, da tawada, da yawan haƙoran da ke gefe, da ɓoyayyar alamar da ke cikin takardar wadda sai an ɗaga ta ga haske ake ganinta. A 1892 ta fara buga mujallarta mai suna The London Philatelist, a 1894 kuma ta kafa kwamitin ƙwararru da ke tantance na gaske da jabu, domin tun a wancan lokaci 'yan damfara sun gano akwai kuɗi a harkar.

Yadda ya shiga ƙungiyar

Baffansa ne ya jawo shi, wato Yarima Alfred, ƙanen mahaifinsa, wanda shi ma sojan ruwa ne kuma mai tara kan sarki. An naɗa Alfred shugaban girmamawa na ƙungiyar a 1890. Daga baya ya sayar wa wansa Edwad abin da ya tara, shi kuma Edwad ya miƙa wa ɗansa Joji. Wannan ne ya zama harsashin taskar da ake magana a kanta har yau.

A 1893 ƙungiyar ta zaɓi Joji mataimakin shugaba na girmamawa, kuma da bikin aurensa ya zo a wannan shekara, gudummawar da membobi suka kai masa ita ce kundi ɗauke da kan sarki kimanin 1,500. A 1896 ya zama cikakken shugaba. Bai tsaya a matsayin uban ƙungiya da ake sa sunansa a saman takarda ba. Yakan aika da sassan taskarsa a nuna wa membobi, a 1904 kuma ya gabatar musu da maƙala a kan kan sarkin da aka buga a zamanin mahaifinsa. A 1906 ya samo wa ƙungiyar izinin mahaifin nasa ta ƙara kalmar sarauta a sunanta, ta koma Royal Philatelic Society London. Daga nan harkar da ake yi wa kallon wasan yara ta samu martaba, attajirai da malamai suka daina jin kunyar a san suna yinta.

Cinikin da ya fi jawo masa suna ya faru ne a 1904. A 1847 tsibirin Morishus da ke tekun Indiya ya buga kan sarki iri biyu, na kwabo ɗaya da na kwabo biyu, guda 500 kowanne, kuma kaɗan ƙwarai suka tsira. Da aka kawo wani shuɗi na kwabo biyu wanda ba a taɓa amfani da shi ba wajen gwanjo a Landan, wakilin Joji ya saye shi fam 1,450. Ba a taɓa biyan irin wannan kuɗi a kan kan sarki guda ɗaya ba kafin ranar. Amma ko sarki ba ya samun komai. Akwai wani na kwabo ɗaya na ƙasar Gayana ta Ingila, wanda guda ɗaya tak aka sani a duniya, da aka yi gwanjonsa a Faris a 1922, wani attajirin Amurka mai suna Arthur Hind ya saye, kuma bai taɓa shiga taskar sarkin ba. A 2014 an sayar da shi kusan dala miliyan 9 da rabi.

Hawansa gadon sarauta

Mahaifinsa ya rasu ranar 6 ga Mayu, 1910, Joji ya hau gado, shekara 70 cif daga ranar da aka fara amfani da kan sarki na farko. Ya sauka daga shugabancin ƙungiyar ya zama majiɓincinta. An yi bikin naɗinsa ranar 22 ga Yuni, 1911, kuma a ranar aka fitar da kan sarki na farko mai ɗauke da hotonsa. Abin mamaki, zanen bai yi kyau ba, jama'a suka yi ta suka, har sai da aka sauya shi a 1912 da wani da ke nuna gefen fuskarsa.

Sarauta ba ta raba shi da abin da yake so ba. An ware ɗaki guda a fadar Buckingham domin taskar, kuma idan yana Landan yakan keɓe yammaci uku a kowane mako ya shiga ya zauna da hantsaki da gilashin ƙara girman abu, ba a damunsa sai da babban dalili. John Tilleard ne ya fara kula masa da taskar, da ya rasu a 1913 sai Edward Denny Bacon ya karɓa, ya riƙe ta har 1938. Sarkin ya taƙaita tarinsa ga Ingila da ƙasashen da take mulka, kuma duk sabon kan sarkin da za a fitar a waɗannan ƙasashe sai an kawo masa zanen ya duba. Kafin rasuwarsa taskar ta kai kundi 328 masu jan bango.

Wannan hali bai yi wa kowa daɗi ba. Harold Nicolson, wanda ya rubuta tarihinsa, ya koka cewa shekaru masu yawa na ƙuruciyar sarkin sun tafi ne a farauta da manna kan sarki. Batun farautar kam gaskiya ne, domin a ziyarar da ya kai Indiya da Nefal a 1911 ya harbe damisar Asiya 21. An kuma shaide shi da tsanani ga 'ya'yansa.

Kansa a ƙasar Hausa

A lokacin da Joji ke shugabantar ƙungiyarsa a Landan ne Ingila da Faransa ke raba ƙasar Hausa a tsakaninsu. Yarjejeniyar 1898 ta bar Faransawa ba su da hanya mai ruwa daga kogin Kwara zuwa Damagaram, saboda haka aka sake zama a 1904 da 1906, aka tura iyakar kudu, Maraɗi da Tibirin Gobir suka faɗa hannun Faransa, Katsina da Sakkwato suka zauna a hannun Ingila. Daga 1906 zuwa 1908 Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi ƙasa suna kafa alamomin iyaka. Tun daga nan wasiƙar da za ta tashi daga Maraɗi zuwa Katsina ta gidan waya ta zama wasiƙar da ta ƙetare daga daula zuwa daula, ko da kuwa wa ne ya rubuta wa ƙanensa. Mutanen ƙauyuka irin su Gidan Sori dai sun ci gaba da ba fatake da 'yan ci-rani saƙonninsu na ajami kamar yadda suka saba.

A gefen Ingila, Nijeriya ta Arewa ta samu kan sarkinta a 1900 da hoton Biktoriya, a 1902 aka sa na Edwad. A 1904 an buga wani na fam 25, kuɗin da ya fi ƙarfin kowace wasiƙa, wanda aka tanada domin biyan kuɗin lasin, kuma a yau yana cikin waɗanda masu tarawa suka fi nema a duk Afirka ta Yamma. Na Joji ya fito a 1912, shekara guda bayan jirgin ƙasa ya iso Kano. Da aka haɗe Arewa da Kudu ranar 1 ga Janairu, 1914, kansa ne ya hau kan sarki na farko mai ɗauke da sunan Nijeriya kaɗai.

A gefen Faransa kuwa, yankin Nijar ya yi ta amfani da tambur ɗin babban yankin da ya haɗa shi da saman kogin Senegal, wanda a 1914 aka yi masa zanen mahayin raƙumi. A 1921 aka buga sunan yankin Nijar a kan wannan tambur, a 1926 kuma, shekarar da aka mayar da hedkwata daga Damagaram zuwa Yamai, aka fitar da na Nijar zalla, masu hoton masu jan ruwa a rijiya da kwalekwale a kogi da sansanin soja na Damagaram.

Sarkin bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, amma sarakunanta sun je sun same shi. A 1921 Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya bi ta Ingila a kan hanyarsa ta zuwa aikin Hajji, Joji ya karɓe shi a fada. A wannan shekara ce aka buɗe littafin da fitattun masanan kan sarki ke sa hannu, kuma sunan sarkin ne na farko a ciki. A 1924 aka yi babban baje kolin daular Ingila a Wembley, inda aka gina wa Afirka ta Yamma wuri mai siffar birni da ganuwa irin na ƙasar Hausa, kuma domin wannan biki ne Ingila ta buga kan sarkin tunawa na farko a tarihinta. A 1925 ɗansa Yarima Edwad ya zo Kano aka yi masa hawan daba. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu da Sarkin Kano Abdullahi Bayero da Sarkin Gwandu Usman suka ziyarci Ingila suka gana da shi.

Shekarun yaƙi

Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga 1914 zuwa 1918, ya zame masa rikicin cikin gida, domin shi da Sarkin Jamus Wilhelm na Biyu duk jikokin Biktoriya ne, Sarkin Rasha Nikolas na Biyu kuma ɗan ƙanwar mahaifiyarsa ne. Da ƙiyayyar Jamusawa ta yi ƙarfi a Ingila, a 1917 ya jefar da sunan gidansu na Jamus ya ɗauki sunan Windsor. A wannan shekara aka tumɓuke Nikolas, gwamnatin Ingila ta yi niyyar ba shi mafaka, amma Joji ya nuna rashin amincewa saboda tsoron abin da zai jawo wa gadonsa. A 1918 aka kashe Nikolas da iyalansa, abin da ya zama tabo a tarihin sarkin.

Yaƙin ya iso har nan. Sojojin Hausawa sun yi yaƙi da sunansa a Kamaru da Afirka ta Gabas, da yawa ba su dawo ba. Da Kawusan ya yi wa Faransawa ƙawanya a Agadas a ƙarshen 1916, Ingilishi sun turo sojoji daga Nijeriya su taimaka musu. Ko a kan sarki ma yaƙin ya bar shaida. Da aka ƙwace Togo da Kamaru daga hannun Jamus, an tarar da kan sarkinsu masu hoton jirgin ruwan Wilhelm, sai aka buga sabon rubutu a kansu aka ci gaba da amfani da su. Wanda ya riƙe ɗaya daga cikinsu a yau yana riƙe da shaidar lokacin da ƙasa ta sauya hannu.

Rasuwarsa

A 1928 ya yi matsananciyar rashin lafiya ta huhu wadda bai warke sarai daga gare ta ba, ga shi kuma mai yawan shan taba. A 1932 ya fara yi wa jama'ar daularsa jawabin Kirsimeti ta rediyo. A 1935 aka yi bikin cikarsa shekara 25 a kan gado, ƙasashen da Ingila ke mulka, har da Nijeriya, suka fitar da kan sarki mai zane iri ɗaya. Ya rasu ranar 20 ga Janairu, 1936 a gidansa na Sandringham yana da shekara 70. Sai a 1986 aka gano daga rubuce-rubucen likitansa, Lord Dawson, cewa ya yi masa allurar da ta gaggauta mutuwarsa a daren, kuma daga cikin dalilansa har da son labarin ya fito a jaridun safe.

Jim kaɗan bayan rasuwarsa, a 1936, Nijeriya ta fitar da jerin kan sarki masu hotunan ƙasa tare da ɗan ƙaramin kansa a gefe. Na sule ɗaya yana nuna shanun Fulani, na sisi kuma yana nuna hasumiyar da Turawa suka kira ta Haɓe, wato Gobarau ta Katsina. Ga mutumin Maraɗi wannan hoto na da ma'ana ta musamman, domin ginin na zamanin sarakunan Katsina ne na dauri, waɗanda zuriyarsu suka baro birnin bayan jihadi, Ɗan Kasawa ya kafa sarautarsu a Maraɗi wajen 1819. Amma wannan kan sarki bai da aiki a gidan wayar Maraɗi, domin iyaka ta riga ta shiga tsakani.

Abin da ya bari

Taskarsa ta ci gaba a hannun magadansa. Abin da aka ƙara a zamanin Joji na Shida an sa shi a kundaye masu shuɗin bango, na zamanin Elizabet ta Biyu kuma masu kore, kuma tun rasuwarta a 2022 taskar na hannun Sarki Charles na Uku. Ƙungiyar da ya shugabanta ta cika shekara 150 a 2019, shekarar da ta koma sabon gininta a tsakiyar Landan. Daga misalinta ne aka samu ƙananan ƙungiyoyi da kowace ta keɓanta da yanki guda. Ɗaya daga cikinsu ita ce West Africa Study Circle, wadda aka kafa a Ingila a 1950 domin nazarin kan sarki da tarihin gidan waya na Afirka ta Yamma, kuma tana buga mujalla mai suna Cameo.

A nan ne abin lura yake ga mai karatu. Wanda ke son ganin ambulan ɗin da ya tashi daga Zungeru ko Damagaram shekara 100 da suka wuce, ya fi saurin samunsa a Landan ko Faris fiye da Kano ko Maraɗi. Su sun adana, mu kuwa namu gara da ɗigar damina sun cinye da yawa, sauran kuma an ƙunsa ƙosai da su. Yanzu da wayar salula ta kusan kashe rubuta wasiƙa, abin da ya rage a tsofaffin akwatunan iyaye da kakanni shi ke nan, ba za a ƙara ba.

Saboda haka duk wanda ya ci karo da tsohuwar wasiƙa a gida, kada ya ɓanɓare kan sarkin ya yar da ambulan. Masana sun fi daraja ambulan cikakke, domin hatimin gidan waya da ke kansa yana faɗin garin da wasiƙar ta tashi, da ranar, da hanyar da ta bi. A ajiye shi inda ba laima, a nesa da rana. Ba lallai ya kawo kuɗi ba, mafi yawansu ma ba za su kawo ba, amma zai nuna wa jikoki inda kakansu ya je neman abinci, da wanda ya rubuta wa, da kuma sunan da ƙasarsu ke ɗauke da shi a wancan lokaci.